Waya da Jarka: Tarihin Wuta da Mai a Kan Iyakar Nijar da Najeriya

Ƴan uwa mambobi, duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo mukan ware wani shafi na wannan takarda domin waiwaye, tunda waiwaye adon tafiya ne. A bana mun zaɓi maganar makamashi, wato wutar lantarki da man fetur. Dalili kuwa a fili yake. Babu buhun wake ko na albasa da ke tsallaka Ɗan Isa ko Ƙonni wanda ba a lissafa kuɗin gazuwal a cikin farashinsa ba. Babu kuma mai injin niƙa, ko mai ƙanƙara, ko mai walda a cikinmu da bai san zafin ɗauke wuta ba, ko da ya kira ta kuran kamar mutanen Maraɗi, ko ya ce nepa kamar mutanen Katsina.

Makamashi ya bi hanya biyu wajen tsallaka wannan iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500. Ɗaya ta sama ce, a kan turakun ƙarfe, bisa yarjejeniya rubutacciya. Ɗayar kuma ta ƙasa ce, a cikin jarka, bisa bambancin farashi. Tarihin kowacensu yana da abin da zai koya mana game da gwamnati da doka da kasuwa.

Kafin a ja waya

Iyakar da muke tsallakawa Ingila da Faransa ne suka shata ta, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta riƙa gangarawa kudu ta hau jirgi zuwa Legas, fatake kuma su juyo da atamfa da goro da garwar kananzir. Tun a wancan zamani hukuma ta fara juya akalar kaya da alƙalami. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro tsarin da suka sa wa suna Hirondelle, domin karkatar da gyaɗar Nijar zuwa Paraku da Kotonu maimakon Kano. Bayan ƴancin kai, a 1962, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta ba ta ikon fitar da gyaɗa, ta kafa COPRO-Niger ta damƙa mata shigo da wasu kayan masarufi. Alhazan Maraɗi da Damagaram sun koyi zama da waɗannan dokoki, wasu a matsayin wakilan sayen gyaɗa, wasu kuma ta hanyar kewaye su. A lokacin wuta ba ta wuce manyan garuruwa ba, kuma daga injunan gazuwal take fitowa, mai tsada ƙwarai.

Alkawarin Kainji

Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, yana ratsa Yamai da Gaya kafin ya shiga Najeriya. A 1964 Najeriya ta fara gina madatsar ruwa a Kainji, aka kammala a 1968, tasharta kuma aka girka mata injuna masu ƙarfin megawat 760. A shekarar 1968 ɗin ce Nijar ta kafa NIGELEC. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, a 1972 kuma Najeriya ta haɗe hukumar madatsun ruwa da ta lantarki suka zama NEPA. A wannan tsakanin ne aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa Nijar wuta.

Kowane ɓangare yana da abin da yake so. Nijar na neman wuta mai arha, domin wadda ake samu daga ruwa ta fi ta gazuwal sauƙi nesa ba kusa ba. Najeriya kuma na son ruwan Kwara ya ci gaba da isowa Kainji ba tare da an tare shi daga sama ba, kuma jami'anta sun sha faɗin haka a bainar jama'a idan ƴan ƙasa suka tambayi dalilin sayar da wuta waje. Shugabannin da aka soma maganar a zamaninsu ba su kai ga ganin ƙarshen aikin a kan mulki ba: sojoji sun kifar da Diori a Afrilun 1974, aka kifar da Yakubu Gowon a Yulin 1975. Duk da haka aikin bai tsaya ba. A 1976 layin Birnin Kabi zuwa Yamai mai ƙarfin kilobolt 132 ya fara aiki, ya haska Doso da Yamai. A shekarun 1990 aka ja layi na biyu daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu gabas da yamma, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram da yankin Tawa. Akwai kuma ƙananan layuka, irin wanda ya shiga Gaya daga Kamba da wanda ya shiga Difa daga Damasak.

Dattawanmu na iya tuna abin da wannan layi na biyu ya canza. Sana'o'in da a da sai a Kano ake yin su suka buɗe a Maraɗi: ɗakunan sanyi, injunan ruwan leda, masu gasa burodi, teloli masu keken lantarki, makanikai masu injin walda. Mai jarin da bai kai na sayen mota ba ya iya sayen firji ya ci abinci da shi.

Sai dai arhar ta zo da nata sakacin. Madatsar Kandaji, a arewacin Tilaberi, tun shekarun 1970 ake nazarinta. Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinta a 2008, kamfanin Rasha da aka fara bai wa aikin ya kasa, aka karɓe a 2013, aka sake ƙaddamarwa a 2019 da kamfanin Sin, a kan za ta ba da megawat 130. Tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren, wadda ta fara aiki a 1981, an gina ta ne domin ma'adinan uraniyom na Arlit da garin Agadas, ba ta haɗu da layukan kudu ba. Da aka zo 2022, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A ɗaya ɓangaren ma ba a rasa ƙorafi ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano sun yi ta rufewa tun daga shekarun 1990, rashin tsayayyiyar wuta na cikin manyan dalilai. Ɗan kasuwar Jibiya da ke kwana uku babu wuta yana jin labarin cewa Maraɗi na haske da wutar da ta bi ta kansa, dole ransa ya sosu. An gina Jebba da Shiroro bayan Kainji, an yi dokar gyaran fannin lantarki a 2005, NEPA ta zama PHCN, a Nuwamban 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga ƴan kasuwa, amma wutar ba ta wadata ba. Aikin wutar iska na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 kacal, ya haura shekara goma ana jan sa. Hukumar kula da lantarki ta Najeriya kuma ta sha fitar da rahoton bashin da kamfanonin maƙwabta ke riƙewa, har da NIGELEC. Mun kawo wannan ne domin kada ɗayanmu ya ɗauka ɗan uwansa ne ya ci riba shi ya ci asara. Tsarin gwamnatocin biyu ya fi duba babban birni da manyan ma'aikatu, garuruwan bakin iyaka kuwa su ne ƙarshen waya a kowane ɓangare.

Hanyar jarka

Labarin mai daban yake, domin babu wanda ya zauna ya tsara shi. Tun shekarun 1970 Najeriya ta riƙa tallafa wa farashin mai, a 1975 ta kafa asusun daidaita farashi domin litar Jibiya ta zo daidai da ta Legas, a 1980 kuma matatar Kaduna ta fara aiki. Nijar a lokacin tana sayen mai daga waje, ana hawo da shi daga Kotonu a tanka, ta hannun SONIDEP da aka kafa a 1977, da kuɗin sufuri da haraji a kansa. Sai aka wayi gari lita ɗaya tana da farashi biyu masu nisa, tsakaninsu tafiyar awa ɗaya a babur. Faɗuwar naira bayan 1986 ta ƙara faɗaɗa ratar. Rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya sauya lissafi na ɗan lokaci, amma bai cike ramin ba.

Daga nan ne aka sami ƴan ruwa-ruwa a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da ƴan bumburutu a ɗaya gefen, kwalabe jere a bakin titi, tsofaffin motoci masu tanki biyu, babura ɗauke da jarka shida suna bin hanyar daji da dare. Dubban matasa sun ci abinci da wannan, kuma ba za mu ɓoye ba, arhar man ta rage wa dukkanmu kuɗin mota. Amma an biya farashinta ta wata hanya. An yi gobarar da ta ci gidaje da rayuka. Gidajen mai masu lasisi a Nijar sun yi ta zaman kashe wando. Baitulmalin Najeriya ya riƙa biyan tallafin man da ake ƙonawa a wata ƙasa. Abin da ya fi shafarmu kuma, shingaye sun yawaita a kan hanya da sunan neman mai, mai ɗauke da tattasai ko aya da takardunsa cikakku shi ma sai ya tsaya ya ba da na goro.

Shekarun da aka rufe ƙofa

A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa tare da canza launin naira. Abin ya faɗo a shekarar fari. Wanda ke riƙe da tsofaffin takardun naira a Maraɗi ya kwana da kuɗi ya tashi da takarda, hatsin Najeriya kuma ya daina shigowa ta hanyar hukuma, har mutanen karkara suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai a Maris 1986, zamanin Janar Babangida.

Bayan shekara 35 abin ya maimaita kansa. Tun a 2015 babban bankin Najeriya ya hana ba da dala don shigo da kaya iri 41, a 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakar ƙasa, a Janairun 2017 aka hana motoci. Waɗannan sun daki harkar fiton kaya daga Kotonu ta Gaya zuwa Maraɗi, wadda manyan gidajen kasuwanci suka ginu a kanta tun zamanin yaƙin Biyafara. Sai ranar 20 ga Agustan 2019 aka rufe iyaka gaba ɗaya babu sanarwar kirki. Motocin da suka riga suka biya kuɗin duwan suka maƙale, albasa ta ruɓe, dabbobi suka rame a kara. A Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manomin rani a Illela da direban Maigatari, ƴan Najeriya a cikin ƙasarsu, suka koma sayen mai a hannun ƴan bumburutu da ninkin kuɗi. Ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari tare da Seme da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa sai a 2022.

Ga abin lura. A duk waɗannan rufe-rufe, da juyin mulkin da aka yi a Yamai a 1996 da 1999 da 2010, ba a taɓa kashe layin Birnin Kabi saboda siyasa ba. An sha samun faɗuwar turaku da lalacewar na'ura, amma alkawarin na nan. An tare mota an tare jaki, wuta kuwa tana wucewa ta saman shingen.

Da Nijar ta sami nata man

Ranar 28 ga Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. A karon farko tankoki suka fara gangarawa kudu da gazuwal da gas na girki, da takardu, ta ƙofar duwan. Amma fetur bai daina hawowa arewa a jarka ba, domin lita a gidan mai na Nijar ta daɗe a kan sefa 540, ta Najeriya kuwa tallafi ya riƙe ta ƙasa da haka sosai. Ƙasa mai matata ta ci gaba da shan man fasa-ƙwauri. A 2018 gwamnatocin biyu suka sa hannu a kan gina matata a jihar Katsina da za a riƙa turo mata ɗanyen mai daga Nijar, maganar ba ta wuce takarda ba. Ɗanyen man Agadem daga ƙarshe ya bi bututu mai tsawon kilomita kusan 2,000 zuwa gaɓar teku a Binin, aka fara lodinsa a 2024.

A fannin wuta ma an motsa. An buɗe tashar gazuwal ta Goru Banda kusa da Yamai a 2017, ta hasken rana a Malbaza mai megawat 7 a 2018, da wata mai megawat 30 a Goru Banda a 2023. A Fabrairun 2022 aka ƙaddamar da babban layi mai kilobolt 330 da zai haɗa Birnin Kabi da Yamai da Wagadugu da arewacin Binin. A Fabrairun 2021 kuma aka fara aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284.

Shekarar 2023

Cikin kwana kusan 65 hanyoyin biyu duka suka girgiza. Ranar 29 ga Mayu shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Ribar jarka ta ƙafe, masu babura a Maraɗi da Ƙonni suka koma layi a gidajen man da suka daɗe da mantawa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi a taron Abuja, aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse wutar. Alkawarin da ya rayu shekara 47 ya yanke a rana ɗaya.

Kowa a cikinmu ya san abin da ya biyo baya. NIGELEC ta tayar da tsofaffin injuna tana raba wuta unguwa-unguwa. Mai ƙanƙara ya kashe firji, mai niƙa ya koma gazuwal ya ninka kuɗin tiya, masu magani suka rasa inda za su ajiye allura. A Jibiya da Illela da Maigatari kasuwa ta mutu, ƴan dako da masu abinci da direbobi suka zauna, kuɗin dabba ya tashi a Kano. Masu samar da wuta a Najeriya su ma sun rasa mai saye da ke biya da kuɗin waje. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris aka buɗe iyaka aka maido da wuta, amma yarda ba ta dawo da saurin da wutar ta dawo ba. Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025.

Abubuwan da suka faru bayan nan sun nuna cewa babu ɓangaren da ya tsaya da ƙafarsa shi kaɗai. A Oktoban 2024 lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin arewacin Najeriya cikin duhu fiye da mako guda. A wannan watan Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancen Sahel ba, gab da Layyar 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi. A Maris 2025 aka yi ƙarancin fetur a Nijar, domin SORAZ ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin da jarka ta daɗe tana ɗauka a ɓoye, har sai da aka nemi tankoki daga Najeriya.

Abin da muka ɗauka daga tarihin

Na farko, abin da aka zauna aka rubuta, aka sa masa farashi da sharaɗi, shi ne ya daɗe. Waya ta ga shugabanni da yawa sun zo sun tafi. Abin da aka bari ga bambancin farashi da umarnin dare ɗaya kuwa, bai taɓa tsayar da kaya ba, sai dai ya ɗauke su daga hannun mai takarda ya miƙa wa mai bin daji, gwamnati ta rasa haraji, mu kuma mu rasa jari.

Na biyu, shekarar 2023 ta nuna cewa ko rubutaccen alkawari yana buƙatar mai tsaronsa. Ya kamata ƙungiyarmu, tare da majalisun ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano, ta nemi hukumar haɗin gwiwa ta 1971 ta sa a rubuce cewa wuta da magani da abinci ba sa shiga rigimar siyasa. Mu nemi kuma a riƙa ba da wa'adi bayyananne kafin duk wata dokar hana shiga ko fita ta fara aiki, kuma kayan da suka riga suka biya kuɗin fito a bar su su isa.

Na uku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokar lantarki ta Najeriya ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Nijar kuma tana da hukumar ARSE tun 2015 da dokar lantarki ta 2016 da ta buɗe ƙofa ga masu zuba jari. Wannan dama ce ga kasuwannin bakin iyaka su haɗa kuɗi su kafa wutar hasken rana ta kansu, da ɗakin sanyi na tarayya ga masu tumatir da kifi da nama. Haka nan tun kafin jirgin Kano ya iso Maraɗi ya kamata a ji muryarmu a kan inda za a sa tashar kaya da ofishin duwan da kuɗin da za a yanka, domin gyara a kan takarda ya fi arha bisa gyara bayan an zuba kankare.

Muna roƙon shugabannin rassa su tattara mana lissafin asarar da mambobinsu suka yi a rufewar 2019 da ta 2023, kaya iri-iri da kwanakin da suka yi a tsaye, su kawo wa sakatariya kafin babban taro. Da wannan lissafi za mu shiga ofisoshin Yamai da Abuja. Muna taya kowa murnar wannan rana, Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowace mota gida lafiya.